Biskit ɗin wanke haƙoran kyanwa: yana aiki kuwa, kuma ba ya cutarwa?

Tambaya: Likita, ina da mage, ta kai shekara shida a wurina. Kwanan nan bakinta ya fara wari sosai, in ta yi hamma kusa da ni sai na kau da kai. Na ga ana tallar wani biskit na ƙasar waje da aka ce yana wanke wa maguna haƙora. Yana da tsada, shi ya sa nake tambaya kafin in saya. Da gaske yana aiki? Kuma ba zai yi mata illa ba?

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da kika lura da bakin wannan baiwar Allah. Mutane da yawa sun ɗauka warin baki halin kyanwa ne, ba sa ɗaukarsa ciwo.

Idan kyanwa babba ce, lafiyarta ƙalau, aka kuma ba ta daidai adadin da aka rubuta a jikin leda, wannan biskit ba ya cutarwa. Wasu nau'o'insa suna rage dauɗar haƙori, amma kaɗan, kuma a wurin da ido ke gani kawai. Sai dai mage mai shekara shida da bakinta ya riga ya fara irin warin da kika kwatanta, ba biskit ne abin da take buƙata da farko ba. Tana buƙatar a buɗe bakin a duba. Babban abin da nake tsoro game da irin wannan kaya ba wai zai yi mata guba ba ne. Tsorona shi ne mutum ya saya, hankalinsa ya kwanta cewa ya yi magani, ciwo kuma yana can ƙarƙashin dasashi yana cin ƙashi.

Babbar kyanwa tana da haƙora 30. Na nono 26 ne, suna zubewa na dindindin su gama fitowa tana wata shida ko kusa da haka. Cikin sa'o'i kaɗan bayan an goge haƙori tas, wani yauƙi mai laushi zai sake lulluɓe shi. Ba ragowar abinci ba ne kawai, taron ƙwayoyin cuta ne da ke manne da juna. Wannan yauƙi shi ne tushen matsala. Idan aka bar shi kwana biyu zuwa uku, sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu zai fara shiga cikinsa, ya ƙame ya zama wani abu mai tauri kamar dutse, ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa. Wannan ƙamammiyar dauɗa ita ce ido ke gani, ita ce ke ba mutum ƙyama, amma ita kanta ba ita ce ke ruɓar da baki ba. Aikinta shi ne ta samar da kaushin da sabon yauƙi zai maƙale. Ƙwayoyin cutar da ke cikin yauƙin su ne ke gangarawa cikin ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, dasashi ya kumbura ya yi ja. A wannan mataki ana iya komawa lafiya sarai. Idan aka wuce nan, jijiyoyin da ke riƙe haƙori da ƙashin muƙamuƙi su fara lalacewa, to abin da ya tafi ba ya dawowa. Cibiyar kula da lafiyar kyanwoyi ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ce tsakanin kashi 50 zuwa 90 cikin 100 na kyanwoyin da suka haura shekara huɗu suna da wani nau'in ciwon haƙori. Taki tana cikin wannan shekarun.

Kafin ki kashe ko sisi, ki duba da kanki. Ki bari ta ƙoshi tana gyangyaɗi, ki zauna inda akwai haske, ki sa babban yatsa ki ɗaga leɓenta na sama ta gefe, ba tare da kin buɗe bakin ba. Kada ki tsaya kan fiƙa. Ki ja leɓen baya har ki ga babban turmin sama, wanda ke can wajen ƙasan ido. Nan dauɗa ta fi taruwa, domin kusa da shi ne yawu ke ɓulɓulowa. Lafiyayyen dasashi ruwan hoda ne mai haske, gefensa siriri, ya kwanta luf a jikin haƙori. Idan kika ga jan layi ya bi gefen haƙoran kamar an zana shi da biro, ko dasashin ya kumbura yana sheƙi, ko kika taɓa jini ya fito, to an wuce wurin biskit.

Shi biskit ɗin ta hanya biyu yake aiki. Ta farko gurza ce. Ana yin sa ya ɗan fi ƙwayar busasshen abinci girma, ana kuma tsara cikinsa yadda haƙori zai nutse a ciki kafin ya fashe, sai jikinsa ya goge gefen haƙorin. Ta biyu sinadari ce. Wasu kamfanoni suna shafa masa wani gishirin fosfet da ke kama kalsiyam ɗin yawu, ya hana shi ƙamar da yauƙin. Dabara ce mai ma'ana, amma bakin kyanwa yana rage mata ƙarfi. Kyanwa ba ta niƙa abinci kamar akuya ko mutum. Muƙamuƙinta sama da ƙasa kawai yake motsawa, turamenta kuma almakashi ne na yanka nama. Ki lura da ita tana cin busasshen abinci: ƙas ɗaya, ƙas biyu, ta haɗiye. Wasu ko ƙas ɗin babu, gaba ɗaya suke zurawa. Wadda ke haɗiye biskit ɗin bai fashe ba, ba ta sami komai daga gurzar ba, kalori (wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kawai ta ci. Wadda ke taunawa ma, turamen baya kaɗai ke taɓa shi. Fiƙoƙi da ƙananan haƙoran gaba ba su san an yi ba. Kuma babu biskit ɗin da ke shiga ƙarƙashin dasashi, inda ainihin ciwon yake.

Akwai wani bincike da aka wallafa a Ostiraliya a 1998 da nake yawan tunawa a kan wannan. An kwatanta bakunan kyanwoyin gida masu cin abincin kanti da na kyanwoyin daji masu farautar ƙananan dabbobi da tsuntsaye, suna tauna fata da ƙashi kullum. Na dajin sun fi tsabtar haƙori nesa ba kusa ba, ƙamammiyar dauɗa kaɗan ce a bakinsu. Amma da aka zo kan ciwon dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori, ba a sami wani bambancin a zo a gani ba. Wato taunawa tana sa haƙori ya yi kyan gani, ba lallai ta hana ciwo ba. Wannan ya shafi masu cewa tasu magen tana kama ɓera, ba ruwanta da ciwon haƙori.

Idan za ki saya, akwai hanyar rarrabe mai ɗan amfani da wanda talla ce kawai. Kowane kamfani yana iya zana farin haƙori a jikin leda. A Amurka akwai wata majalisar ƙwararrun likitocin haƙoran dabbobi da ake kira VOHC, wadda aka kafa a 1997. Ba ita ke yin gwaji ba. Kamfani ne ke gudanar da gwaji bisa ƙa'idojinta, sau biyu a kan rukunin dabbobi daban-daban, ya kawo sakamako ta duba. Idan kayan ya rage dauɗa da kimanin kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da dabbobin da ba a ba su ba, sai ta yarda a buga hatiminta a jikin leda. A ƙasan hatimin za ki ga an rubuta Plaque, wato yauƙin nan mai laushi, ko Tartar, wato ƙamammen, ko duka biyu. Daga cikin biskit ɗin kyanwa da suka samu hatimin akwai Feline Greenies, Purina DentaLife na kyanwa da Whiskas Dentabites, kuma nasu na ƙamammiyar dauɗa ne. Cikakken abincin haƙori irin Hill's t/d, wanda ake ci a matsayin abincin yau da kullum, ya samu na duka biyu, domin duk lomar da kyanwa ta ci gurza ce. Jerin yana canzawa, don haka ki duba hatimin a jikin ledar da ke hannunki.

Ki tsaya kan lissafin nan sosai. Ragin kashi 20 yana nufin kashi 80 na nan. Kuma gwajin ana fara shi ne da haƙoran da aka wanke tas, a ga yadda dauɗa za ta sake taruwa cikin makonni kaɗan. Abin da aka auna shi ne jinkirta taruwar sabuwa, ba kankare tsohuwa ba. Mai bakin da ya shekara yana tara dauɗa, biskit ba zai ɓamɓare masa ita ba. Kamar mutum ne ya ce tunda yana shan rake kullum ya huta da aswaki: raken yana ɗan goge haƙori, ba a musu, amma ba wanda zai ce ya isa.

Akwai kuma ciwo biyu na bakin kyanwa da biskit ba shi da ko kusa da su, kuma su ne na fi son ki sani, domin suna da zafi ƙwarai, kyanwa kuwa gwana ce wajen ɓoye ciwo.

Na farko shi ne narkewar haƙori. Ba irin kogon da zaƙi ke yi wa haƙorin ɗan Adam ba ne. Jikin kyanwar ne da kansa ke cinye haƙorin, yawanci daga saiwa ko daga wuyansa, daidai bakin dasashi. Ya yawaita sosai a kyanwoyin da suka haura shekara biyar, kuma har yau masana ba su cimma matsaya kan musabbabinsa ba. Yakan fara da ɗan ƙaramin haƙorin da ke bin bayan fiƙar ƙasa. Abin da za ki gani shi ne ɗan jan nama ya hau jikin haƙorin kamar ɗigon jini, yana rufe ramin da ke ƙasa. Idan likita ya taɓa wurin da ɗan ƙarfe, muƙamuƙin kyanwar yakan kama karkarwa saboda zafi, wani lokaci ko tana cikin allurar barci. Irin wannan kyanwa za ki ga ta nufi kwano da yunwa, ta ɗauki loma, ta karkata kai gefe guda, abincin ya faɗo, ta ja baya tana kallon kwanon. Wata ta daina taunawa ta koma haɗiya, mai ita ya ce ai tana ci, lafiyarta lau. In kika ba irin wannan kyanwa biskit mai tauri, azaba kika ƙara mata. Maganinsa cire haƙorin, kuma sai an ɗauki hoton muƙamuƙi ake sanin yadda saiwar take.

Na biyu kumburin baki ne gaba ɗaya, inda dasashi da can ƙuryar baki wajen maƙogwaro suke yin jajur kamar ɗanyen nama. Yawu ya riƙa dalala, wani lokaci da jini, kyanwa ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ta rame. Garkuwar jikinta ce ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin da ke baki, kuma ana yawan samunsa tare da wasu ƙwayoyin bairos, musamman wanda ke sa murar kyanwoyi da gyambon harshe. Sau da yawa sai an cire turame duka, ko ma haƙoran baki ɗaya, kafin ta samu sauƙi. Mutane kan firgita idan na faɗi haka. Kyanwar gida da ba ta da haƙori ko ɗaya tana cin abincinta lafiya, har ta yi ƙiba, domin da ma ba niƙa take yi ba.

Wari kuma ba kullum daga haƙori yake ba. Ciwon ƙoda, wanda ya zama ruwan dare a tsofaffin kyanwoyi, yana sa baki warin fitsari, da yawan shan ruwa da rama. Ciwon suga yana da nasa warin. Shi ya sa a shekarunta nake son a haɗa da gwajin jini.

Batun illa kuwa, babbar illar da ake gani a zahiri ƙiba ce. Kyanwa mai kilo 4 da ke zaune a gida tana buƙatar kalori 200 zuwa 250 a rana. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce duk wani abin maƙulashe kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na wannan, wato kalori 20 zuwa 25. Ƙwaya ɗaya ta irin wannan biskit ba ta kai kalori 2 ba, amma domin a sami amfanin da aka gani a gwaji, wasu kamfanonin suna cewa a ba da guda goma sha biyar ko fiye kowace rana. Kin ga shi kaɗai ya cinye kason. Dole a rage abincin da daidai wannan, kuma kada a ƙara wani maƙulashe a kai. Idan kuma saboda tsada za a riƙa jefa mata guda biyu ranar Juma'a, to alewa ce kawai, ba ta yi wa haƙori komai. Ki yi lissafin kuɗin leda nawa za ta ci a wata kafin ki fara.

Maƙalewa a wuya ba ta cika faruwa da na kyanwa ba, domin ƙanana ne masu saurin farfashewa. A 2006 an yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka kan abin taunawar karnuka na Greenies da aka ba da rahoton yana maƙalewa a maƙogwaro da hanji, har aka sake haɗinsa ya zama mai saurin narkewa. Wancan na karnuka ne, babba mai tauri. Darasinsa gare ki shi ne kada ki ba mage na kare, kuma ranar farko ki tsaya a kanta ki ga yadda take ci. Wasu kan yi amai ko zawo idan aka fara musu da yawa lokaci guda, don haka a fara da biyu ko uku a riƙa ƙarawa. Wadda jikinta ba ya karɓar kaza ko kifi, tana ƙaiƙayi ko amai, a karanta abin da aka haɗa shi da shi.

Akwai waɗanda ban yarda a ba su ba sai likitan da ya san su ya amince. Mai ciwon suga, domin yawancin biskit ɗin gari ne na hatsi. Mai ciwon ƙoda, wadda ake rage wa fosfet a abinci. Wadda ke kan abinci na musamman saboda tsakuwar mafitsara. 'Yar ƙarama da ba ta shekara ba. Akwai kuma wani gari da ake yi da ciyawar teku ana barbaɗawa a abinci domin haƙori. Yana da sinadarin aidin da yawa, bai dace da kyanwar da ƙwayar tayirod ɗin wuyanta ke aiki fiye da kima ba, kuma wannan ciwo ne na tsofaffin kyanwoyi.

Tunda daga waje ake kawo shi, ki duba ranar lalacewa, ki tabbatar ledar a rufe take daga kamfani. Kada ki sayi wanda aka zazzage aka ƙulla a farar leda. Kayan da ya sha zafin kwantena da na shago, man cikinsa yakan yi ɗoyi, da damina kuma yakan yi fumfuna. In kin buɗe, ki zuba a gwangwani mai murfi, ki ajiye a inuwa.

Abin da ya fi biskit hatsari a gidajenmu shi ne maganin da mutum ke yi da kyakkyawar niyya. Kada ki taɓa ba kyanwa farasitamol, ko Panadol na yara ne. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Man kanumfari da muke ɗiga wa haƙori mai ciwo, ita guba ne gare ta saboda wannan raunin hantar. Tafarnuwa da albasa suna fasa mata ƙwayoyin jini. Man goge bakinmu yana da fulorayid da sinadarin kumfa, ita kuwa ba ta iya tofarwa, haɗiyewa take yi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya yi tsini, ƙayar kifi tana maƙalewa tsakanin haƙora ko a ganɗa. Babu ɗayansu da zai wanke baki.

Abin da ya fi kowane biskit aiki kuwa gogewa ce da hannu, domin ita kaɗai ke kai wa ga bakin dasashi ta ɗauke yauƙin kafin ya ƙame. Kullum ya fi. In bai samu ba, kada a gaza sau uku a mako. Ba sai da buroshi ba. Tsinken audugar goge kunne ko ɗan bandeji mai tsabta da aka naɗe a yatsa ya wadatar. Makon farko ki jiƙa shi da ruwan kifin gwangwani marar gishiri da yawa, ki bari ta lasa kawai. Sannan ki fara taɓa fiƙa, ki saki. Sannu a hankali ki kai ga turamen baya, kina shafa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Gefen waje kaɗai ake buƙata, ba sai kin buɗe bakin ba, kuma rabin minti ya isa. Idan akwai man goge baki na dabbobi, madalla. In babu, gogewar ce ke aikin. A nan biskit ɗin yake da wurin zama mai kyau: ki ba ta shi lada bayan an gama, za ki ga ta fara zuwa da kanta. Amma kada ki fara goge bakin da ke ciwo. Za ta tsani abin har abada, kuma za ta iya cizon ki. Cizon kyanwa rami ne siriri mai zurfi da ke saurin ruruwa, sai an wanke da sabulu da ruwa sosai an je asibiti. Ki tabbatar kuma an yi mata rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗauka.

Don haka ga magenki, ki fara kai ta wurin likitan dabbobi. Idan kina kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in garuruwan suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, manyan birane kuma akwai asibitoci masu zaman kansu. Ki tambaya ko suna wanke haƙora a ƙarƙashin allurar barci, ko suna gwada jini kafin su yi, ko suna da na'urar ɗaukar hoton haƙori. Kada ki yarda da wanda zai danne ta ido biyu ya kankare abin da ke sama da ƙarfe. Haƙorin zai yi fari, ƙasan dasashi bai taɓu ba, ga tsoro da ciwo. Bayan an wanke, an cire abin da ya lalace, baki ya warke kamar mako biyu, sai ki fara gogewa. Idan ta ƙi gogewar ƙememe duk da haƙurinki, to nan ne biskit mai hatimin VOHC ko abincin haƙori ya cancanci kuɗinsa, a ba ta kullum a adadin da aka rubuta, a rage abincinta daidai, a kuma mayar da ita a duba bakin sau ɗaya a shekara.